Wanda Ya Fi Kusa da Dutse

Da sunan Allah da ya gudanar da ruwa mai daɗi da ruwa mai gishiri, ya kuma ƙaddara mini ɗanɗana kowanne. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku 'ya'yana da jikokina, na iso babin da na fi daɗewa ina kewaye shi. Na sani ana gaya muku maganganu iri-iri game da dalilin da ya sa sarautar Sarkin Ruwa ta Tungar Maje take ɗakin ƙanena Isa, alhali kuwa ni ne ɗan fari. Wasu sun ce abin duniyar Larabawa ne ya rufe mini ido. Wasu sun ce tsoron ruwa ne ya kama ni da girmana. Akwai ma tsohuwar da ta rantse mutanen ruwan gishiri ne suka shafe ni. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin dattijo ba ya bin kasuwa yana gyara zance. Amma ku jinina ne, abin da na ajiye a bakin gulbi ran nan kuwa har da rabonku a ciki, saboda haka kuna da hakkin jin yadda aka yi daga bakina. A cikin wannan labari kuma za ku sami amsar tambayar da ƙananan cikinku suka dame ni da ita, game da ɓarin farin allon nan da yake rataye a zaurena.

Tun kaka da kakanni, ba a taɓa gurbin su, wato kamun kifin gayya, a garinmu sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi. Akwai wani gora a gidanmu, tsoho, ya yi baƙi saboda shafar hannu, an ɗinke tsagarsa an liƙe da ƙaro, yana rataye a zauren Baba shekara zagaye. Ranar su, bayan sanyi ya wuce ruwa ya ja baya, shi ake fara sa wa gulbi. Mai shi ya kwanta a kansa da ciki, ya tuƙa da hannu biyu har tsakiyar gurbi, ya yi addu'ar da aka gada, ya ɗaga hannu, sa'an nan jama'a su afka da homarsu. Dokar kuwa guda ce, da ita aka yaye mu: babba ke fara shiga ruwa. Ƙane ba ya jiƙa ƙafa gaban wansa, ɗa ba ya jiƙa gaban ubansa. Ni na tashi bisa gora tun ban san kunyar tsiraici ba, kuma ba yabon kai ba ne in na ce a zamanina babu saurayin da ya riga ni ƙetare Gulbin Kabi. Sai aka datse ruwa can sama, gulbi ya rame, kifi ya yi ƙaura, ni ma na bi sahunsa. Na koyi tuƙin mota a Sakkwato, na yi Kano, na yi Ikko, daga bisani ƙaddara ta sauke ni a Doha, furfura ta riga ta fara mini sallama a gemu. Isa shi ya zauna.

A shekarun nan Doha tana tsirowa sama kamar gero bayan ruwan shuka, ka kwana ka tashi ka tarar da bene inda jiya fili ne. Ina zaune a Najma, unguwar 'yan ci-rani, cikin ɗaki mai gadaje hawa-hawa, ƙamshin girkin Indiyawa yana shigo mana ta taga tare da kiran salla. A gadon da yake bisa nawa akwai Garba, mutumin Zangon Kumasi, mai gadin wani kanti, wanda Allah ya hore wa baki. Tun ran da ya ji asalina ya naɗa mini sarautar Sarkin Ruwan Najma, ya ce ga talakawana nan, bokitin wanka da butar alwala. Na ƙyale shi, domin akwai wasa tsakaninmu, kuma a baƙon wuri wanda yake sa ka dariya ɗan'uwa ne.

Kamfanin gine-ginen da ya ɗauke ni ya ba ni tuƙa wani injiniya mai suna Idris, mutumin Maroko, daga wani ƙauyen bakin teku. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma ya san haka, bai taɓa kiran sunana gatsau ba, sai dai ya ce Ammi, wato baffa. Da Larabcin da na samo a zauren malamai da wanda na tsinta a titi muke fahimtar juna. Gidansa yana wata unguwa da ake kira Matar Kadim. Ran da na fara shiga falonsa na ga wani dogon abu a jingine da bango cikin jakar tamfol, har na ji nauyin tambaya, don ya yi kama da makara. Ya zuge jakar ya nuna mini allo fari, ya fi mutum tsawo, mai tsini a gaba, da 'yar ƙaya a ƙarƙashi kamar ta bayan kifi. Ya ce a garinsu da shi ake hawan raƙuman ruwa a tsaye. Na dubi tekun Doha a raina, wanda kullum yake kwance lumus kamar nono a ƙwarya, na ce lalle kewar gida ta taɓa wannan bawan Allah. Ya gane abin da nake tunani. Ya ce in jira sanyi, in jira shamal, iskar arewa da takan kwana biyu tana dukan teku. Safiyar da ta kwanta, in ji shi, teku yakan ci gaba da numfashi bayanta.

Haka kuwa aka yi. Wata Asabar cikin sanyi muka yi sallar asuba, muka ɗaure allo bisa mota, muka miƙe arewa. Gari ya ƙare, fitilu suka ƙare, sai fili fari fat har inda ido ya tsaya, da raƙuma jefi-jefi suna tsaye kamar an manta da su. Muka bar kwalta wajen Fuwairit, muka bi sawun tayoyi har wani wuri inda duwatsu masu kaifi suka kutsa cikin teku kamar hancin kada. Na kashe mota. Abin da na fara ji shi ne wani gurnani mai zurfi da yake zuwa ta tafin ƙafa kafin ya iso kunne. Na hau dutse na duba. Daga can nesa wasu layuka suke tasowa, a jere, ba gaggawa, kamar sahun masallata. Kowanne in ya iso hancin dutsen sai ya lanƙwasa, ya miƙe tsaye, rana ta ratsa shi ya koma kore shar, sa'an nan bakinsa ya fara karyewa daga wajen dutse yana tafiya gefe sannu-sannu, kamar ana warware farin ƙyalle daga masaƙa. Idris ya sa wata baƙar rigar roba, ya ɗaura igiyar allon a idon ƙafarsa, ya kwanta a kai da ciki, ya fara tuƙi da hannu biyu. Wannan kwanciya, wannan ɗaga ƙirji, wannan jefa hannu, duka na gidanmu ne. Na zauna bisa dutsen Larabawa ina kallon Bamaroke yana kwanciyar gora, sai ga ƙamshin taɓon Gulbin Kabi ya cika mini hanci, alhali babu komai a wurin sai gishiri. Da raƙumin ruwa ya ɗauke shi ya miƙe tsaye, ya taho yana zamewa a jikin koren bangon nan hannunsa yana shafarsa, na tarar bakina yana tasbihi ban sani ba.

Cikin wannan sanyin ne saƙo ya zo daga gida. Na sayi katin waya na kira Isa, ya gaya mini ƙafafun Baba sun ƙi, bana ba zai iya hawa gora ba, dattawa kuma sun zauna sun ce a kira babban ɗa ya zo a naɗa shi ranar su. Ya faɗi wannan da muryarsa ta kullum, mai sanyi, kamar yana ba ni labarin farashin gero. Sa'an nan ya kai wa Baba wayar.

"Umaru," in ji Baba, "goran ga na jiranka. Aje motar mutane ka taho."

Na ce to, domin ban taɓa ce masa wani abu ban da to ba. Mahaifiyarku Kulu, Allah ya jiƙanta, da na kira ta har guɗa ta yi mini a waya, ta ce ta gaji da auren murya, yanzu za ta ga mijinta da rawani a ƙofar gida. Ni ma na yi murna, kada wani ya gaya muku ban so sarautar nan ba. Na so ta kamar yadda mai ƙishi yake son randa. Abu guda ne ya tsaya mini a rai: fiye da shekara ashirin hannuwana ba su san komai ba sai sitiyari. Na ji tsoron in kwanta bisa goran kakannina gaban gari duka ya juye da ni. Saboda haka, da shamal ta sake kaɗawa, na cire girman kai na roƙi Idris ya ara mini allo in tashi hannuwana daga barci.

Ya yi farin ciki kamar na yi masa kyauta. Ya samo mini wani allo mai faɗi, da rigar roba, wadda na ɗora wa wando da taguwa a sama, domin ba zan tsaya gaban mutane kamar tarwaɗa ba. Garba ya gan ta a shanye a ɗakinmu, ya tara 'yan ɗaki ya ce su zo su ga fatar da Sarkin Ruwan Najma ya saɓule.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in kifin Larabawa ya haɗiye ka, gadonka na ƙasa nawa ne. Na gaji da hawa tsani."

Ran da na fara kwantawa bisa allon, jikina ya riga ni tunawa. Ƙirji ya sami wurinsa, ƙafafu suka haɗe, hannu ya shiga ruwa ba ƙara. Idris ya juyo yana dubana da mamaki, ya ce wa ya koya mini, na ce ubana, shi ma ubansa. Tuƙi bai ba ni wuya ba, karatun ruwa ma haka, domin ruwa ko na wace ƙasa ne yana nuna inda zai ja ka ga wanda ya iya dubawa. Tsayuwa ce ta gagare ni. Mu a gidanmu kwance muka san ruwa. Duk sa'ad da na yunƙura in miƙe sai allo ya tsere ya bar ni, in sha gishiri, in taso ina tari, Turawan nan 'yan kaɗan da suke zuwa wurin suna yi mini murmushin da ake yi wa tsoho. Haka muka yi ta zuwa duk safiyar da iska ta kwanta. Na rame, na yi baƙi, barcina ya yi daɗi. Ko ina tsaye a cunkoson motoci cikin gari sai in ji kujera tana ɗagawa tana saukewa a hankali, kamar teku ya biyo ni.

Akwai abin da na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Kullum Idris yakan tuƙa har can gindin duwatsu, inda ruwa yake tafasa yana jan mutum zuwa kaifi, ya zauna nan yana rawar sanyi, raƙuma suna dukansa, yana barin ƙanana su wuce. Ni kuwa ina tsayawa a gefe, wurin zurfi, inda raƙumin yake isowa ya riga ya huce. Na ɗauka ƙuruciya ce take kai shi can. Shi kuma bai taɓa yi mini bayani ba, domin yana jin nauyin koya wa mai furfura doka, kuma a ganinsa wanda bai iya tsayuwa ba ba zai tare wa kowa hanya ba.

Sai safiyar shamal ta ƙarshe a wannan shekara, hutuna ya kusa, kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya riga ya sa hannu a takardar fitata. Sama ta yi wasai, iska ta mutu murus, fuskar ruwa ta yi santsi kamar an shafa mata mai. Muna zaune bisa allunanmu sai na hango shi tafe, ya fi 'yan'uwansa duka, baƙi daga nesa, yana tahowa da nutsuwar babban baƙo. Na duba dama da hagu, duk wanda yake cikin ruwan nan na haife shi ko na kusa. A raina babu ko shakka: babban rabo ya zo, babba ke fara shiga. Na juya allo na tuƙa da duk ƙarfin da Allah ya bar mini. Na ji an ɗaga ni daga baya kamar yadda uwa take ɗaga jariri, na dafa, na jawo ƙafafu, sai ga ni tsaye.

Ya ku 'ya'yana, na yi aikin hajji, na ga haihuwar kowannenku, ba zan haɗa waɗannan da komai ba. Amma bayan su, ban san wani lokaci da ya kai wannan ba. Ƙara ta ɗauke. Koren bango yana tafe a kafaɗata, ina ganin rana ta cikinsa, ina ganin inuwata tana gudu bisa yashin ƙasan teku tare da wasu ƙananan kifaye. Ban ji nauyin jikina ba, ban ji shekaruna ba. Na ga kamar in na ci gaba a haka zan wuce Bahar Maliya, in ratsa Sudan da Barno, in sauka a mashayar garinmu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Ban san iyakar daɗewarsa ba. Raƙumin ya sauke ni a hankali cikin kumfa, na juya ina neman Idris in ga ko ya gani.

Abin da na gani shi ne farin allonsa ya rabu biyu, ɓari guda yana yawo cikin kumfa, shi kuma yana rarrafowa bisa duwatsu jini yana bin ƙwaurinsa. Na fita da gudu na tallabe shi zuwa mota, na wanke raunin da ruwan sha, na yage hiramina na ɗaure. Bai bar ni na yi magana ba sai da ya sumbaci goshina ya yi mini barka da tsayuwa. Ya sa na zuba mana shayin na'ana'a daga fulas, muka zauna a bayan mota muna kallon teku. Na tambaye shi abin da ya kai gwani irinsa kan dutse.

"Ammi," ya ce, "a garinmu raƙumin ruwa na wanda ya fi kusa da dutse ne."

Na ce masa a garinmu na babba ne, na kuma gaya masa dokar gidanmu yadda na gaya muku, ban rage ba, domin ban ga abin kunya a cikinta ba, har yau kuma ban gani ba. Ya saurara da ladabi. Sa'an nan ya ce shi wanda yake gindin dutse shi ya sha duka, shi ya sha sanyi, shi ya bar ƙanana suka wuce yana jira, a kansa kuma raƙumin yake fara karyewa. In ya miƙe, duk wanda yake gefe wurin lafiya sai ya janye, ko da sarkin ƙasar ne.

"Na riga na taso tun daga dutse," ya ce, "sai na gan ka a gabana. Ko in bi ta kanka, ko in karkata zuwa dutse. Ba zan bi ta kan Ammi ba."

Ya yi dariya ya ce allo dai ana sayen wani, in manta. Ya ɗauki ɓarin gaban ya ba ni, ya ce in riƙe don tuna ranar da na tsaya.

A hanyar komowa ya yi barci saboda gajiya, ni kuwa ina tuƙi cikin farin filin nan, ba na ganin hanya sai fuskar Isa. Na tuna shekarun da gulbi ya koma kamar zare, samari suka watse, shi ya zauna yana haƙa wa kifi rami don iri kada ya ƙare. Na tuna shekarar da aka sako ruwa ba sanarwa, shi ya yi ta nutso yana fito da gawawwakin mutane, har da ta ɗan maƙwabcinmu, ni ina Ikko na ji a bakin fatake. Shi yake shiga tsakani in manoman fadama da masunta sun zare wa juna ido. Shi yake ɗaukar Baba a baya zuwa masallaci. Duk wannan zamani ni ina gefe wurin zurfi, ina aiko da atamfa da turare, ana sa mini albarka. Yanzu babban raƙumi ya taso, ga ni na juya allo zan shiga gabansa, kuma na san Isa sarai: zai karkata zuwa dutse, ya fito yana jini, ya yi mini barka.

Na gaya wa Garba ina tunanin bar wa Isa sarautar. A karon farko bai yi wasa ba. Ya ce in karɓi rawani in bar wa ƙanena aiki, ai haka ake yi ko'ina, kowa ya samu. Ya ce uba mai jiran mutuwa ba a ce masa a'a. Na san gaskiya ya faɗa ta wani gefen, na kuma kwana biyu ina auna ta. Amma duk sa'ad da na rufe ido sai in ga jini yana bin ƙwaurin mutumin da bai yi mini laifin komai ba sai girmamawa.

Na iso gida ana saura kwana kaɗan su. Ban gaya wa kowa shawarar da na yanke ba sai Kulu, da la'asar, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, ka tuna kana da 'ya'ya maza?"

Na ce na tuna. Ta ce to Allah ya ba su haƙuri, ita nata ya ƙare. Ta ɗauki rariyarta. Ta daɗe ƙwarai kafin ta sake yi mini dariya, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar su gari duka ya sauko bakin gurbi, makaɗa suna kiran sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. An ɗauko Baba bisa kujera an ajiye shi a inuwar giyayya. Ya sa aka miƙo mini goran, na karɓa hannu biyu, na ji sanyinsa da santsinsa kamar jiya na ajiye. Na taka har bakin ruwa, jama'a suka zuba mini ido. Isa yana bayana da taku kaɗan, kamar yadda ya saba tsayawa tun muna yara, ƙafarsa a bushe. Na juya, na durƙusa, na ajiye goran a gabansa, na ɗaga murya yadda dattawa za su ji, na ce ni Umaru, babban ɗa, na ba da gabana ga wanda ya zauna da ruwan nan, kuma ba zan jiƙa ƙafa ba sai ya jiƙa. Isa ya ja da baya yana girgiza kai, hawaye suna zuba, yana cewa Yaya kada ka yi mini haka. Na ce masa in ya ɗauke ni wa, to wansa ne yake umartarsa. Muka daɗe a haka, rana tana hawa, mutane da homa a hannu, har liman ya ce a bar ruwa haka ba a buɗe ba shi ne babban abin kunya. Isa ya ɗauki goran. Da ya kai tsakiya ya ɗaga hannu, ni ne na biyu a ruwa, bisa goran aro, kuma ku tambayi duk wanda ya halarta wane ne ya fito da giwan ruwan da ya fi girma ran nan. Wannan ita ce amsata ga masu zancen tsoro.

Da na fito na dubi inuwar giyayya, Baba ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Washegari na shiga ɗakinsa na zauna a ƙasa, na ba shi labarin duwatsun nan da allon da dokar mutanen Idris, tun daga farko har ƙarshe. Yana kwance ya ba ni baya. A wurinsa na karya abin da aka miƙo masa lafiya tun daga kakanni, na kuma karya shi gaban jama'a da hujjar wasu baƙi masu wasa da ruwa. Ran da zan koma na durƙusa na yi masa sallama, bai amsa ba. Na koma Doha na ci gaba da tuƙa motar mutane shekaru da dama. Amma tun a shekarar farko, da damina ta tsaya, aka kira ni aka ce Baba ya cika. Wannan shi ne abin da na biya, ban kuwa gama biya ba, domin har gobe in na tuna bayan nan da ya juya mini sai abinci ya fita raina.

Bayan shekaru, muna zaune da Isa a mashaya da hantsi, ya gaya mini abin da ya ɓoye don yana tsoron ya ƙara mini ciwo. Ya ce ana saura kwanaki Baba ya rasu, yana shafa masa mai a ƙafa, sai ya ji ya yi magana kamar daga barci.

"Wai da gaske Umaru ya tsaya bisa ruwa da ƙafa biyu?"

Isa ya ce haka Yaya ya faɗa, kuma Yaya ba ya ƙarya. Baba ya lumshe ido har Isa ya zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce:

"Mu dai kwance muka san shi. Da na so in gani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ba zan ce muku yafewa ce ba, domin ban ji da kunnena ba, kuma ba na ƙara wa mamaci magana. Na dai riƙe ta yadda take.

Saboda haka, in kun je Tungar Maje, ku tuɓe takalma a zauren baffanku, ku gaishe shi da sarautarsa, kada ɗayanku ya jiƙa ƙafa gaban 'ya'yansa ranar su. Goran yana wurin da ya dace. Ku kuwa abin da na bar muku ta wajen ruwa shi ne ɓarin allon nan na zaure. In na mutu kada a jefar da shi, kada kuma a goge shi da sunan tsabta, akwai sauran gishiri a jikinsa.